Cutar Johne da Neman Mudu Ɗaya a Ɗakunan Gwaji

Akwai wani aiki da likitocin dabbobi masu bincike ke yi wanda idan makiyayi ya ji labarinsa sai ya riƙe baki. Sukan nemo maruƙa lafiyayyu, 'yan makonni da haihuwa, su dama ƙwayar cuta a madara su shayar da su, sannan su koma gefe su yi ta jira wata da watanni, wani lokacin har shekaru, don su ga abin da zai biyo baya. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Duk wanda ya haɗa allurar riga-kafi, ba shi da hanyar sanin tana aiki sai ya raba dabbobi gida biyu, ya yi wa waɗansu allurar ya bar waɗansu, ya haɗa su duka da cutar, ya ga su wa za su tsira. Haka aka gwada mafi yawan alluran da ake yi wa shanu da tumaki da awaki a yau.

Amma wannan aiki yana da sharaɗi. Dole abin da aka gani a ɗakin gwaji na wata ƙasa ya zama ana iya jera shi kusa da abin da aka gani a wata ƙasar a kwatanta. Idan kowa ya yi gaban kansa, to an kashe kuɗi, an wahalar da dabbobi, kuma ilimin bai ƙaru ba. Babu ciwon da ya nuna wa masana wannan gaskiyar kamar cutar Johne, ciwon hanji mai cin dabba a hankali.

Ga yadda take. Saniya mai shekara 3 ko 4 ko 5 za ta fara zawo wanda ba ya jin magani. Tana cin abinci kamar kullum, babu zazzaɓi, amma kullum ƙara ramewa take yi, nono yana janyewa, ƙarƙashin haɓarta yana kumbura. Mai ita zai ba da maganin tsutsar ciki, ya sake bayarwa, ya yi zargin ciwon hanta ko sammore, har ta zama ƙashi da fata. Idan aka feɗe ta, sai a tarar ƙarshen ƙaramin hanjinta ya yi kauri ya tattare, ba ya iya tsotse amfanin abinci. Ke nan yunwa ce ta kashe ta alhali cikinta a cike. Abin da ke da ban tsoro shi ne tun tana 'yar maraƙa ta ɗauki ciwon, yawanci ta hanyar kashin uwarta ko na wata saniya da ya ɓata hantsa ko ruwan sha, wani lokacin ta dakashi da madara, wani lokacin ma tun tana ciki. Duk shekarun nan tana yawo cikin garke kamar lafiyayya, kuma tun kafin ta nuna alama ta fara zubar da ƙwayoyin a kashinta. Masana sun ƙiyasta cewa duk saniya ɗaya da aka ga ta kwanta da ciwon, akwai wasu 15 zuwa 25 a garken da suka kamu ba a sani ba. Magani mai warkarwa kuwa babu shi.

Sunan ya samo asali ne daga Heinrich Albert Johne, likitan dabbobi Bajamushe a birnin Dresden, wanda shi da Langdon Frothingham Ba'amurke suka bayyana ciwon a 1895. Sun ga ƙwayoyi masu kama da na tarin fuka cunkushe a hanjin wata saniya, suka ɗauka wani nau'in tarin fuka ne. A 1906 Bernhard Bang na ƙasar Danmak ya nuna cewa ciwo ne mai zaman kansa, ya kuma ciyar da maruƙa hanjin saniya marar lafiya ya ga sun kamu. Wato gwajin sa cuta da gangan ya girmi shekara 100 a wannan fage. Noman ƙwayar a cikin kwalba kuwa ya gagara har sai 1912, lokacin da Twort da Ingram a Landan suka gano cewa ba ta tsirowa sai an zuba mata wani sinadari da ake samu daga wata 'yar'uwarta. Sunanta a littattafan kimiyya Mycobacterium avium paratuberculosis, danginsu ɗaya da ƙwayar tarin fuka da ta kuturta, kuma duk dangin an san su da nawa da taurin kai.

Wannan nawar ita ce tushen wahalar duka. Yawancin bakteriya idan aka shuka su yau, gobe da safe za a ga sun cika faranti. Wannan kuwa sai an yi mako 8 zuwa 16 kafin a ga ɗigonta, nau'in da ke kama tumaki ma ya fi haka daɗewa. To, yaya mai bincike zai san adadin ƙwayoyin da ya ba maraƙi? Hanyar da aka saba ita ce a shuka kaɗan daga ruwan a ƙirga ɗigon da suka fito. A nan kuwa kafin ƙirgen ya fito maraƙin ya yi wata 3 da shanyewa. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin suna da maiƙo a jikinsu, sukan dunƙule wuri ɗaya, ta yadda ɗigo guda a faranti zai iya zama ƙwaya ɗaya, zai kuma iya zama curin ɗaruruwa. Mutum biyu za su rubuta adadi ɗaya a rahotonsu alhali abin da ya shiga cikin maruƙansu ya bambanta ninki goma ko fiye.

Ba nan kaɗai bambancin ya tsaya ba. Wani ya yi amfani da ƙwayar da aka ɗebo kwanan nan daga saniya marar lafiya, wani kuma da wadda ta shekara da shekaru ana juya ta daga kwalba zuwa kwalba har kaifinta ya dushe. Wani bai noma komai ba, hanjin dabbar da ta mutu ya niƙa ya ɗura. Wannan hanyar tana kama dabba sosai, sai dai ba wanda ya san me da me ke cikin abin da aka ɗura, kuma idan ya ƙare ba a iya sake haɗa irinsa. Wani ya bayar ta baki, wani ta jijiya, wani ya shafa a maƙogwaro, wani ya yi tiyata ya zuba kai tsaye cikin hanji. Wani sau ɗaya, wani sau goma. Wani a kan jaririn maraƙi, wani a kan ɗan wata 6. Wani ya yanka bayan wata 3, wani ya jira shekara 3. Daga ƙarshe kowa da abin da yake kira nasara: wannan yana duba raguwar ƙwayoyi a kashi, wancan yana duba raunukan hanji, wani kuma sojojin jini yake aunawa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ya san wannan matsalar. Idan aka ce maka mudun gero ya fi araha a wancan gari, tambayar farko ita ce mudun nasu ya kai namu? In bai kai ba, zancen araha bai taso ba. Shekara da shekaru masana cutar Johne suna faɗin farashi, kowa da girman mudunsa. Tun 1926 Vallée da Rinjard suka fito da allurar farko a Faransa, amma aka kai ƙarshen ƙarnin ba a iya ɗaukar rahotannin gwaji a jera su a ce wannan allurar ta fi waccan da kaza.

Asara ce ta tilasta gyara. Wani bincike da aka buga a 1999 ya ƙiyasta cewa masu kiwon shanun madara a Amurka na asarar dala miliyan 200 zuwa 250 kowace shekara saboda ciwon, kuma binciken ma'aikatar noma ta ƙasar na 2007 ya sami ƙwayar a kashi 68 cikin 100 na gonakin madara da aka duba. Ga kuma tambayar da ta ƙi mutuwa, ko ƙwayar na da hannu a cutar Crohn, wani ciwon hanji na mutane. Har yau ba a tabbatar ba, amma zargin kaɗai ya isa ya hana masu sayar da madara barci. Ma'aikatar ta zuba kuɗi a wani babban shirin haɗin gwiwa na jami'o'i kan cutar, kuma a ƙarƙashinsa aka tara masana daga Amurka da Holan da Sifaniya da Birtaniya da Niyu Zilan, suka bi tarin gwaje-gwajen da aka yi a baya ɗaya bayan ɗaya. A 2007 suka buga matsayarsu a mujallar Veterinary Microbiology, Murray Hines na Jami'ar Jojiya ne a gaba, da shawarar ƙa'idoji na ƙasa da ƙasa kan shanu da awaki da tumaki da barewa da ɓeraye.

Abin da suka ce game da shanu ya cancanci a tsaya a kai, don kowane sharaɗi amsa ce ga wata ɓaraka da aka gani. Sun ce a yi amfani da ƙwayar da aka san asalinta, wadda ba a juya ta sau da yawa ba, kuma ta zama irin wadda ake kira K-10 ko mai kama da ita. An zaɓi K-10 ne, wadda aka samo daga wani garken madara a jihar Wisconsin, saboda a 2005 an buga dukkan bayanan gadonta, don haka kowa na iya tabbatar da abin da ke hannunsa. Game da adadi, maimakon jiran ƙirgen da ba zai zo ba sai bayan watanni, sun ce a juya ruwan a inji har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, a tsiyaye, a ɗora curin a sikeli. Miligiram 100 ya yi daidai da kimanin ƙwaya biliyan 1, a ba da wannan kwana 2 a jere. Dabara ce mai sauƙi, kuma ina ganin a nan hikimar take: sikeli yana ba da amsa nan take, kuma ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi ma yana da shi. Sun ce maraƙin kada ya wuce mako 8, ya fito daga garken da aka tabbatar babu ciwon, kuma a bar shi ya tsotsa da bakinsa a cikin madara. Ba a yarda a zura roba har tumbi ba, domin a rayuwa ta gaskiya ƙwayar na bi ta baki da maƙogwaro ne, kuma madarar da maraƙi ya tsotsa da kansa hanyarta daban a cikin ciki da wadda aka ɗura masa.

Har yadda za a karanta sakamako sun taɓo. A kwanakin farko bayan an shayar da maraƙi, za a ga ƙwayar a kashinsa, amma wannan wucewa kawai take yi, shiga ta baki fita ta baya. Sai bayan kamar mako 2 ne ganinta ke nufin ta kafa sansani a hanji. Mai binciken da bai bambance wannan ba zai rubuta cewa dabbobinsa sun kamu alhali ba su kamu ba. Haka kuma bayan yanka, sun nemi a ɗebi nama daga wurare sanannu a hanji da kaluluwar da ke kewaye da shi, a noma, a kuma duba raunukan da ma'auni ɗaya.

Amfanin ya fito da wuri, kodayake labarin da ya kawo ba mai daɗi ba ne. Shirin nan na Amurka ya tattara sababbin alluran gwaji daga ɗakunan bincike daban-daban, aka ɓoye sunayen masu su, aka gwada su mataki uku: a kan ƙwayoyin jini a faranti, sannan a kan ɓeraye, sannan waɗanda suka yi fice a kan 'yan awaki 80 bisa sababbin ƙa'idojin. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna babu ko ɗaya da ta hana kamuwa, kuma tsohuwar allurar da ake sayarwa a kasuwa, wadda aka sa don kwatance, ta fi sababbin rage raunuka da zubar ƙwayoyi. An kuma ga cewa abin da ya yi kyau a faranti ko a jikin ɓera ba lallai ya yi kyau a jikin akuya ba. Wani zai ce an yi asara. Ni ina ganin riba ce babba. Da a zamanin da ne, kowane ɗaya daga cikin masu alluran nan zai gwada tasa a gidansa da mudunsa, ya buga rahoton nasara, a yi ta bin inuwa shekara goma.

Ƙa'idar ta kuma ba da damar a ƙalubalanci tsofaffin zantuka. An daɗe ana koya wa manoma cewa jarirai ne kawai ke cikin haɗari, maraƙi in ya wuce wata 6 ya kusa tsira. A Jami'ar Kalgari da ke Kanada, Rienske Mortier da abokan aikinta suka shayar da maruƙa a mako 2, da wata 3, da 6, da 9, da 12, wasu da ƙwayoyi masu yawa wasu da kaɗan, suka yanka su duka suna wata 17. Rahotonsu na 2013 ya nuna an sami waɗanda suka kamu a kowane rukuni, har da 'yan shekara guda, kuma waɗanda suka sha da yawa raunukansu sun fi muni. Wannan ya shafi aikin gona kai tsaye, domin yana nufin raba maraƙi da kashin manyan shanu ba aikin makonnin farko kaɗai ba ne. A Ostiraliya kuma, inda ciwon ya addabi tumakin Merino, Douglas Begg da Richard Whittington na Jami'ar Sidni suka mai da hankali kan samar da ƙwayar tumaki tsantsa da aka busar aka adana, yadda gwajin bana da na baɗi za su tashi daga tushe ɗaya.

Duk da haka kada a ɗauka an gama. Babban sukar da ake yi wa wannan tsari tana da gaskiya a cikinta. Ba kasafai maraƙi ke shan ƙwaya biliyan 2 cikin kwana 2 a garke ba. Abin da ke faruwa shi ne yana lasar kaɗan yau, kaɗan gobe, tsawon watanni. Ana ba da mai yawa ne don a tabbatar kusan duk dabbobin sun kamu cikin lokacin da kuɗin bincike zai iya ɗauka, tunda ciyar da saniya shekara 4 a killace ba ƙaramin abu ba ne. Amma irin wannan ambaliyar na iya danne allurar da da a garke ne za ta yi amfani. Shi ya sa gwajin ɗaki ba ya maye gurbin gwajin gona. Allurar Gudair da aka yi wa rajista a Ostiraliya a 2002, a gonaki aka ga ta rage mutuwar tumaki da kusan kashi 90 cikin 100, alhali ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. A shanu kuma akwai wata matsalar: allurar Johne na rikita gwajin fata na tarin fuka, saniya lafiyayya ta fito kamar mai ciwo, don haka ƙasashe da yawa suka taƙaita amfani da ita.

Akwai kuma haƙƙin dabbar kanta, wanda bai kamata a tsallake ba. Kowane maraƙi da ya shiga irin wannan gwaji ƙarshensa wuƙa ne, wani ma sai ya ɗanɗani zawo da rama. Tun 1959 Russell da Burch a Ingila suka kafa ƙa'idar da masu bincike ke bi a yau: a nemi madadin dabba inda zai yiwu, a rage yawan waɗanda za a yi amfani da su, a sassauta musu wahala. Gwajin da ba a iya kwatanta shi da na kowa ya saɓa wa wannan ƙa'ida tun daga tushe, domin dole wani ya sake yin sa da wasu dabbobin. Wanda ya ɗauki ran dabba don ilimi, mafi ƙarancin abin da ke wuyansa shi ne ya tabbatar ilimin zai amfani wasu.

To mu ina ruwanmu? Tarihin ƙasar Aisland ya isa amsa. A 1933 suka shigo da tumakin Karakul 20 daga Jamus don inganta irin nasu. An killace su na ɗan lokaci, aka ga lafiyarsu ƙalau, aka rarraba su gonaki. Sai a 1938 aka gano cutar Johne, kuma ba ita kaɗai tumakin suka shigo da ita ba. Ƙasar ta yi asarar tumaki masu ɗimbin yawa, sai da Björn Sigurdsson ya haɗa allura, aka wajabta ta a 1966, kafin aka shawo kan lamarin. Killacewar 'yan makonni ba ta iya kama ciwon da ke ɓuya shekaru. Yau a Nijeriya ana ta zancen bunƙasa madara, an kafa ma'aikatar tarayya ta raya kiwo a 2024, masu hali suna sayo shanun Holstein da Jersey daga ƙasashen waje. Da yawa daga ƙasashen da suka shahara da waɗannan shanu su ne ciwon ya yi wa katutu. An kuma tabbatar da shi a ƙasashen Afirka irin su Sudan da Yuganda da Kenya. Wanda zai sayi saniya daga waje ya tambayi tarihin garken da ta fito, domin gwajin jinin saniya ɗaya, musamman ƙarama, yakan fito lafiya alhali tana ɗauke da ƙwayar.

Sai abu na biyu. Da yawa daga abin da aka sani ta waɗannan gwaje-gwaje an same shi ne a jikin maruƙan Holstein da tumakin Merino, a ƙasashe masu sanyi, cikin dabbobin da ke kwana a rumfa suna cin abinci a ma'auni. Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak jininsu daban ne, haka jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, haka Balami da Uda da 'Yankasa. Dabbar da ke tafiya mai nisa da rani, ga yunwa ga tsutsar ciki, ba lallai jikinta ya karɓi ƙwayar ko allurar yadda ta Kanada ke karɓa ba. Masana a Ostiraliya sun ga ƙwayar na iya kaiwa kimanin shekara guda da rai a busasshiyar inuwa, amma a fili cikin rana ba ta kai haka. Ke nan a wurinmu mashaya da gindin bishiyar da garke ke hutawa da turken da ake ɗaure maruƙa su ne wuraren dubawa. Waɗannan tambayoyi namu ne, kuma a nan ne ƙa'idar 2007 za ta yi mana rana: idan aka yi gwajin a cibiyoyin bincikenmu na Shika ko Vom da ƙwaya iri ɗaya, da awo ɗaya, da hanya ɗaya, duk bambancin da ya fito za a san daga dabbar yake.

Darasin bai tsaya kan Johne ba. Ciwon huhu na shanu, wanda makiyayanmu suka fi sani kuma suka fi tsoro, shi ma yana da irin wannan matsala. Wasu masu bincike na zura roba su zuba ƙwayar cikin huhu, wasu na haɗa lafiyayyu da marasa lafiya a ɗaki ɗaya su jira, kuma sakamakon hanyoyin biyu ba ya zuwa daidai. Allurar T1/44 da ake yi wa shanunmu kariyarta ba ta daɗewa, sai an maimaita kowace shekara, kuma duk wadda za ta gaje ta sai ta bi ta irin wannan gwajin.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, ga cibiyar binciken kiwo ta Shika, ga tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Masana muna da su. Abin da muke roƙon hukumomi shi ne su ba su kuɗin bincike mai dogon zango, na shekara 3 zuwa 5, domin ciwon da ke ɓuya shekaru ba a bincikensa da kasafin wata 6. Su kuma jami'o'in su zauna su amince da hanya ɗaya kafin a shayar da maraƙi ko ɗaya. Kai kuma mai garke, idan babbar saniya ta yi ta zawo tana ramewa alhali tana ci, maganin tsutsa ya ƙi aiki, ware ta daga maruƙa, kada ka ba su nononta, ka kira likitan dabbobi ya ɗebi kashi da jini a kai ɗakin gwaji.